Hasken Awo da Kawalwalniyar Karaye

Ni dillalin albasa ne. Da buhu uku na fara a kasuwar Aliero, ina bin manyan motoci zuwa kudu a saman kaya, rana da ruwa duk a kaina, har Allah ya sa na sayi akori-kura tawa. Ban yi boko ba. Turancin da nake ji na kasuwa ne, na tsince shi a bakin matan da ke sayen albasa a kudu, amma ya ishe ni ciniki, ya ishe ni faɗa. A Jega ta wancan lokaci, duk wanda ke da mota kuma yake iya mayar wa baƙo magana da Turanci, shi ake nema idan baƙi sun sauka. Na saba da haka, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin daɗinsa.

Ba a daɗe da cire mu daga Sakkwato aka ba mu jiharmu ba, sai masu awon ƙasa suka yi ta zuwa. Sabuwar jiha ce, komai sai an sake aunawa. Wasu daga cikinsu suka sauka a Jega a ƙarshen sanyi, lokacin da rana ta fara cizo amma asuba na nan da sanyinta. Shugabansu wani injiniya ne mutumin kudu, dogo, mai ƙarancin magana, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Motarsu ta mutu a hanya, sai aka kawo shi wurina. Muka shirya cewa zan riƙa kai su daji da akori-kura, in kuma yi masa tafinta. Aikinsu shi ne su auna daga Jega zuwa Maiyama, daga wannan tudu zuwa wancan.

Na ɗauka sarƙa za su riƙa ja a ƙasa, yadda na ga masu awo suna yi ina ƙarami. Sai suka buɗe wani akwati mai soso a ciki, suka fito da na'ura suka ɗora ta a kan ƙafafu uku. Mutanensa biyu sukan ɗauki wani madubi mai kusurwoyi, wanda bai fi tafin hannu ba, su kai shi can nesa su riƙe a kan sanda. Na'urar sai ta harba wani siririn haske ya je ya bugi madubin ya dawo, ita kuma ta rubuta nisan da lambobi. Injiniya ya ce a tafiyar rabin awa da ƙafa, kuskurenta ba ya wuce kaurin yatsa. Suna magana da masu madubi ta oba-oba, 'yar rediyon hannu.

A mota ne, ranar farko, ya ba ni labarin da ya tsaya mini a rai. Ya ce a ƙasashen waje akwai masu ƙoƙarin ɗora magana a kan irin wannan hasken, ta tashi daga wannan gini ta sauka a wancan, babu waya, babu sanda. Nan take kaina ya tafi kan albasa. A lokacin, idan farashi ya tashi a kudu, sai direba ya dawo bayan kwana biyu ko uku nake ji, kafin in yi lodi in isa kasuwa ta riga ta cika. Na ce a raina, mutumin da ya san irin waɗannan abubuwa, ba zan sake shi ba.

To amma na'urar ta ƙi. Da an yi hantsi sai lambobin su kama rawa. Ta ba da wannan, a sake dannawa ta ba da wani, wani lokacin ma ta yi ƙara kawai ta yi shiru. Ya sa na leƙa ta idon na'urar. Na ga madubin can nesa yana lilo, yana narkewa yana haɗuwa, kamar abin da ke ƙarƙashin ruwa. Ya ce ƙasa ce ke ɗaukar zafi, ta dafa iskar da ke kanta, iskar kuma ta riƙa karkatar da hasken. Kwana uku muna fita muna dawowa da abin da bai kai aikin yini ɗaya ba. An yanka masa ranar gamawa, don haka ya daina ma amsa gaisuwa da kyau.

Rana ta huɗu aiki ya kai mu gefen Karaye, muka kafa na'ura a bakin gonar taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina. Sa'o'in juna ne mu. Shi manomin albasa ne, bai taɓa wuce Birnin Kebbi ba, kuma ni nake sayen abin da ya noma. Kowa ya san yadda taubasai suke, babu kunya, babu girmamawa, tsiya ita ce gaisuwa. Tun muna yara kowannenmu yake cewa ɗayan bawansa ne, ba mu taɓa gama wannan shari'ar ba. Sai dai a zuciyata na daɗe da yanke hukunci. Ni ne na fita na ga duniya, ni ke da mota, shi kuwa yana nan inda aka haife shi.

Ya hango ni ya ɗago daga cikin kwamin albasa.

"Ɓarawon buhu! Yau kuma mi ka zo sata? Albasa ba ta ƙosa ba tukuna."

Haka yake kirana, don ya ce buhunan da nake kawowa a auna mini sun fi na kowa ciki.

Na ce, "Rufe mani baki, baƙauye. Gwamnati na kawo ta auna gonarka, a ƙwace a ba mai hankali."

"Alhamdu lillahi. Ke nan ba kai za a ba ba."

Ya zo ya tsaya yana kallon na'urar, yana kallon injiniya yana dannawa yana tsaki. Ya tambaye ni abin da ke damun mutumin. Na yi masa bayani sama-sama, irin bayanin da ake yi wa wanda aka san ba zai gane ba. Ya sa hannu ya kare idonsa, ya dubi tudun da madubi yake, ya daɗe.

"Wanga mutum cikin kawalwalniya shika son gani? Yanzu ko jakina na bisa wancan tudu ban iya shaida shi. Ka hwaɗa mishi, in tudu na, ya yi sammako, da rana ta leƙo, kahin ƙasa ta ɗau zahi. In ya makara ya bari sai la'asar sakaliya. Kuma ya bar bi ta kan gonar da anka ƙone, da kan dutse, can ta fi rawa. Kan albasar da anka ba ruwa ba ta cika tashi ba. Amma ita hwadama..."

Daidai nan injiniya ya juyo ya tambaye ni me mutumin yake cewa. Na ɗaga wa taubashina hannu ya yi shiru. Na dubi injiniya na ce masa, cewa yake a yi hankali kada a taka masa albasa.

Ban shirya wannan ƙaryar ba. Ta fito ne kawai, da sauri, yadda nake faɗin farashi kafin mai kaya ya buɗe baki. Injiniya ya ba shi haƙuri da hannu, muka tattara muka tafi. A hanyar Jega, bayan na bari mun ɗan yi nisa, na ce masa na yi tunani a kan matsalarsa. Na kwashe maganar taubashina kaf na zuba masa a matsayin tawa.

Ya ce ya san da maganar sammako, a makaranta ma an koya musu, amma a inda ya saba aiki ƙasa ba ta ɗaukar zafi da wuri haka, shi ya sa yake fita bayan karin kumallo. Maganar ƙonanniyar gona da kan albasa ce ta sa ya juyo ya dube ni.

Washegari muna idar da sallar asuba muka fita. Rana na leƙowa injiniya ya danna. Lamba ta fito. Ya sake dannawa, ita ce dai. Sau biyar yana yi, ba ta motsa ba. Ya kama hannuna da hannu biyu ya girgiza. Kwana huɗu muka yi a haka, aiki na gudu. Ya kai ga ba ya kafa ƙafafun na'ura sai ya tambaye ni ko nan ya yi. Ya ce in zauna da su har ƙarshen aikin, kuma zai rubuta a rahotonsa cewa wani ɗan kasuwa a Jega ne ya san iskar wannan ƙasa.

Ya kamata a ce kwanakin nan sun yi mini daɗi. Ba su yi ba. Duk lokacin da injiniya ya yaba mini, fuskar taubashina nake gani. Nakan tsayar da mota a bakin hanyar Aliero da rana tsaka in fito in zura wa fili ido, ko zan ga abin da yake gani. Kawalwalniya dai na santa tun ina yaro, ita ce wannan rawar da iska ke yi a nesa, wadda ke sa kwalta ta yi kamar an zuba mata ruwa. Amma ni abu ɗaya nake gani, zafi. Ban ga inda ta fi yawa ba, ban ga inda ta ragu ba. Shi kuwa yana karanta ta kamar yadda nake karanta fuskar mai saye. Abin da ya fi ci mini rai shi ne bai ma san yana da wani abu ba. Ya faɗe shi ne a tsaye, hannu duk ƙasa, tsakanin tsiya da tsiya. Na yi shekaru ina tara abin da ya sa ake nemana a Jega, ga mutum da fartanya ya fi ni a gaban baƙon da na fi so ya ga girmana.

Sau biyu na koma gonarsa da la'asar, wai na zo duba albasa. Ina so in tambaye shi ƙarshen maganar da na katse, amma na kasa. Idan na tambaya zai ce, "Au, bawa ya zo ɗaukar karatu wurin ubangidansa," kuma zai ba da labarin a kasuwar Maiyama. Na gwammace in bar ta. Na ce ai na riga na kwashi mai yawa, abin da ya rage ɗan cikon buhu ne.

Sai aka zo kan awo mafi tsawo a duk aikin, wanda zai tsallake fadamar daga tudun da ke gefen Karaye zuwa na can ƙetare. Wani jami'i daga Birnin Kebbi ya aiko cewa zai zo ya ga yadda ake yi. Injiniya ya tambaye ni wane lokaci ya fi. Na yi lissafi irin nawa. Sammako yana da kyau, kan albasa mai ruwa yana da kyau, to idan aka haɗa biyun ai an gama. Na ce masa mu kafa tun kafin rana ta fito, zai ga abin mamaki.

Jami'in ya kwana a Jega don kada ya makara. Bahaushe ne, mai fara'a, Turancinsa na makaranta. Muka isa tudun gari bai gama wayewa ba. Masu madubi suka zagaya suka hau na ƙetare. Da haske ya fara fitowa sai na ga wani farin tururi kwance a kan fadamar, daga wannan baki zuwa wancan, hayaƙin murhun ƙauye kuma ya sauko ya kwanta a kansa. Injiniya ya dube shi ya dube ni. Na ce ba komai, yanzu zai wuce.

Ya danna. Babu lamba. Ba rawa take yi ba, babu ita ne gaba ɗaya. Hasken ya shiga tururin bai dawo ba. Ya leƙa, bai ma ga tudun ba, balle madubi. Muka jira. Jami'in ya duba agogo sau uku yana murmushin da ba na so. Ni kuma maimakon in yi shiru, sai tsoro ya sa na ce wurin ne bai yi ba, mu matsa can gaba inda tururin ya fi sirara. Aka cire na'ura, aka ɗauke ta, aka sake kafawa, aka daidaita, duk wannan yana cin lokaci. Sai da aka gama na lura cewa daga sabon wurin, hasken ta kan wata ƙonanniyar gonar gero zai fara bi. Rana ta riga ta hau. Lambobi suka fito suna rawarsu.

Muna cikin haka taubashina ya iso, zai je ban ruwa.

"Ɓarawon buhu, ka ƙara zuwa da mutanenka? Wa ya ce ku zaka yanzu? Kuma wa ya kahe ku nan, kan toka?"

Kafin in buɗe baki jami'in ya amsa masa, da zuciya ɗaya, bai san komai ba.

"Ai malam, mai motar nan ne jagoransu. Injiniya tun jiya yake ba ni labarinsa. Shi ya gano musu a yi sammako, a bar bin ƙonanniyar gona, a riƙa bi ta kan albasa. Yau ne dai abin ya ƙi."

Taubashina ya juyo. Ya dube ni. Ba kallon fushi ba ne, kallo ne irin wanda yake yi wa albasa idan yana so ya san ko ta fara ruɓewa ta ciki. Ya daɗe yana yi. Sannan ya juya ga jami'in.

"Ranka ya daɗe, ita hwadama ba a yi mata sammako. Sai an jira raɓa ta bushe ga ganyen albasa. Sa'an nan tururi ya tashi, kawalwalniya kuwa ba ta sauko daga tudu ba tukuna. Tsakaninsu bai wuce a dahwa shayi a sha ba. In ya wuce, sai gobe."

Wannan ne ƙarshen maganar da na katse.

Jami'in ya juya wa injiniya da Turanci. Injiniya ya bar na'urar ya matso. Ya tambaya ta yaya ake sanin lokacin ya yi. Taubashina ya sauka cikin kwami ya shafa ganye ya nuna masa yatsunsa. Injiniya ya sake tambaya, jami'in ya fassara, taubashina ya amsa. Aka sake. Ni ina tsaye a gefe da makullin mota a hannu, babu wanda ya nemi bakina.

Injiniya ya ciro ɗan littafinsa ya ce a maimaita masa kalmar nan da yake ji ana ta faɗa. Taubashina ya faɗa a hankali, kawalwalniya. Injiniya ya gwada, harshensa ya sarƙe a tsakiya, suka kwashe da dariya su uku. Ya sake gwadawa har ya samu, ya rubuta ta. Kwana takwas ina tare da shi, bai taɓa rubuta kalma ɗaya daga bakina ba.

Daga nan ya shiga ba shi labarin masu ɗora magana a kan haske. Labarina. Wanda ya ba ni a motata. Ya ce wannan kawalwalniyar ita ce babbar abokiyar gabarsu, har suna ƙera madubai masu motsi da kansu don su riƙa bin rawar hasken suna mayar da shi kan hanya. Taubashina ya ce me zai hana su jira ta kwanta. Injiniya ya yi dariya ya ce awo yana iya jira, magana ba ta jira. Taubashina ya ɗaga kai ya dubi sama.

"To su ɗaga shi sama mana. Ai kusa da ƙasa ta fi hauka. In ka duba kan giginya da rana tsaka, gindin na rawa, kan bai cika yi ba."

Injiniya ya tafa hannu ya ce da jami'in ya gaya masa haka ɗin ake yi, kan dogayen gine-gine ake kafawa. Na tuna cewa ni da aka ba ni wannan labarin, farashin albasa kawai na gani a ciki.

Da za a tattara kaya, injiniya ya ja ni gefe. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ranar nan a bakin gona, me mutumin nan ya ce da gaske. Na dube shi na ga kayan ƙarya sun riga sun ƙi sayuwa, ba na kuma tsayawa kan kayan da suka ƙi. Na gaya masa gaskiya duka. Ya gyaɗa kai. Ya ce motata yana so har yanzu, amma zai roƙi taubashina ya riƙa tsayawa kusa da na'ura. Jami'in ya ce zai zauna kwana biyu ya yi musu tafinta, kafin nan za su saba da hannu da ido.

Ina tsaye a bayan mota, taubashina ya zo ɗauke da akwatin na'urar, an riga an ba shi amanarsa.

"Alhaji, a ɗan matsa in aza kaya."

Shekara huɗu ke nan da na sauke farali. Duk Jega da Aliero Alhaji ake ce mini, har yayyena. Shi kaɗai ne bai taɓa faɗa ba. Ranar da na dawo daga Makka ma cewa ya yi a duba jakata, ƙila na auno dabino da babban buhu. Yanzu ga shi ya faɗa, da ladabi, yana kallon ƙasa.

Na matsa. Na ce, "Baƙauye ya zama injiniya. Sai a sai maka hular ƙarfe."

"Godiya nika, Alhaji."

Ya aza kayan ya koma gonarsa.

Da la'asar na biya Karaye gaishe da goggo, mahaifiyarsa. Ina zaune ya shigo, ya durƙusa ya gaishe ta, ya juyo ya gaishe ni, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya fita. Goggo ta bi shi da kallo ta dawo kaina.

"Kai, mi ya haɗa ku? Na ji shina gaishe ka kamar suruki."

Na ce ba komai. Ta ce, "Uhm," ta ci gaba da tsinkar zogalenta.

Na yi tunanin in ba shi haƙuri, amma tsakanin taubasai ba a san yadda ake yin wannan ba. Ba mu taɓa magana da juna a miƙe ba tun da aka haife mu. Idan na je na ce na yi kuskure, ka yafe mini, to na zama baƙo ni ma, na ƙarasa abin da ya fara. Hanya ɗaya na sani, in sa shi ya zage ni. Idan ya zage ni sau ɗaya, an wuce wurin.

Washegari ɗaya daga cikin masu madubi ya tashi da zazzaɓi. Injiniya ya rasa wanda zai riƙe sanda a ƙetare. Na ce ni zan je. Ya dube ni da mamaki, amma ya yarda. Ɗayan ya nuna mini yadda ake yi. Akwai ɗan ƙwan ruwa a jikin sandar, sai ka riƙe ta yadda kumfar da ke ciki za ta zauna a tsakiya. Ya bar mini oba-oba ya wuce tudu na gaba da nasa madubin. Na tsaya ni kaɗai cikin shadda, a kan tudu, ina riƙe da sanda.

Daga can ina hango tururin yana sirancewa. Da ya buɗe na ga mutum uku ƙanana kusa da na'ura. Na ga ɗaya ya sauka cikin albasa ya sunkuya, ya dawo. Na ga dogon ya juya gare shi yana jira. Ko daga wannan nisan ana gane wanda ake jira.

Oba-oba ta yi ƙara. An ba taubashina ta wurinsu, don ni Hausa zan fi ji da sauri.

"Alhaji, lokaci ya yi. A riƙe da kyau."

Na karkatar da sandar da gangan. Na bar kumfar ta gudu gefe. Na san abin da ya kamata ya biyo baya. Ga ni da tumbi, ga ni da rawar hannu, ga jami'i na ji, babu taubashin da zai bar wannan damar ta wuce.

"Alhaji, madubin ya kauce. Don Allah a gyara."

Na gyara, na sake girgiza ta, wannan karon sosai. Ina jin numfashinsa a cikin oba-oba.

"Alhaji, raɓa ta bushe. In munka rasa yanzu, mutumin nan ya rasa kwana biyu ke nan."

Na dubi gefen tudun da nake, na ga can ƙasa ciyawa ta fara ɗan motsi alhali babu iska. Karo na farko ke nan da na ga kawalwalniya tana farawa. Na kafa ƙafafuna, na mayar da kumfar tsakiya, na riƙe numfashi. Ban san tsawon lokacin ba. Sai na ji tafi da muryar jami'in yana kabbara a bayan oba-oba, sannan muryar taubashina.

"An samu, Alhaji. Sannu da aiki."

Maimakon in zagaya yadda na zo, na ce bari in yanke ta cikin fadama. Ban san hanyar ba. Na faɗa wani wuri da aka ba ruwa jiya, na nutse har gwiwa, takalmi ɗaya ya tsaya a ciki, sai da na sa hannu na laluba. Na iso wurinsu da sanda a kafaɗa, shadda ta zama launin taɓo, takalmi a hannu. Jami'in ya juya baya yana tari. Injiniya ya sunkuya kan littafinsa.

Taubashina ya dube ni daga hula har ƙafa. Na ga gefen bakinsa ya motsa. Na ga maganar ta zo masa, cikakkiya, na san kuma mai kyau ce, irin wadda za a yi shekara ana maimaitawa a kasuwar Maiyama. Na tsaya ina jiran ta.

Ya haɗiye ta. Ya ɗauki butarsa ya sauka bakin rijiya ya cika, ya kawo ya ajiye a gabana da hannu biyu. Sannan ya koma wurin injiniya, wanda ke nuna masa tudu na gaba da biro yana tambayarsa wane lokaci.

Na zauna a kan dutse na wanke ƙafata.